Daga Sikelin Kaɗa Zuwa Salula: Karatun Manya a Madawa, Buza da Keita

Wanda ya fara ganin sunan jaridar sai ya ɗauka hannun mai buga tafireta ne ya zame: Saabon Ra'ayii. Wasali biyu a gaba, biyu a baya. Da gangan aka yi. Haka Nijar ta tsara rubutun Hausa a wancan zamani, a ninka wasali duk inda murya ta ja shi, don magidancin da ya fara haɗa baƙi yana ɗan shekara arba'in ya ga kalmar a takarda kamar yadda take fita daga bakinsa. Kuma ba daga Yamai jaridar ke zuwa ba. A garin Madawa ake shirya ta tun tsakiyar shekarun 1960, a ofishin yaƙi da jahilci, a murza ta a ɗan injin hannu mai tawada, a naɗe, a aika ƙauyuka. Tana cikin jaridun karkara na farko-farko da aka buga da harshen gida a ƙasashen Afirka renon Faransa.

Masu karanta ta manoma ne, na hatsi da na auduga, wadda mutanen wannan yanki ke ce wa kaɗa, da masu lambun albasa, da masu saƙar tabarmar kaba da ta kai sunan Madawa nesa. Magidanta ne, waɗansu har da furfura, da ke zama bayan sallar isha'i suna bin alli da ido a hasken fitila. Daga lokacin zuwa yau shekara sittin ke nan, kuma a cikinsu an buɗe ajin manya an rufe ba adadi a gundumomin Madawa, Buza da Keita. Wanda ya bi sawun abin zai ga abu guda yana ta dawowa. Duk sa'ad da aka sami aiki na zahiri yana jiran mai karatu a ƙofar aji, karatun yakan zauna. In babu, ko an yi rani uku ana zuwa, sai ya bi ruwa.

Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Tsaunukan Adar sun mamaye Keita da Buza, kwarin Majiya ya ratsa ƙasar Buza ya gangara wajen Ƙonni, kwarin Tarka kuma ya bi ta Madawa ya nufi iyakar Najeriya. Saman tudu fako ne da tsakuwa, arzikin yana ƙasa cikin fadama. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a gundumomin uku, galibinsu Hausawa, Adarawa da Gobirawa, tare da Abzinawa da Fulani.

Tun kafin Nasara ya kafa bariki a Madawa a farkon ƙarni na 20, babba ya saba zama gaban malami a wannan ƙasa. Karatun zaure ke nan: mutum ya ɗauki littafinsa bayan asuba ko bayan la'asar, ya je wurin malam, a biya masa gwargwadon ƙarfinsa, daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Iziyya da Risala. Ba rajista, ba iyakar shekaru, ba ranar gamawa. Falke ya yi wata uku a hanya, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, ba mai ce masa an wuce shi. A irin wannan zaure ne karin maganar nan ta gemu ba ya hana ilimi ta sami gindin zama. Can ƙetaren iyaka kuma, a ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u ta riga ta shirya ƴan taru tun ƙarni na 19, jajojinta na kai karatu ga matan aure a ƙauyuka. Wanda ya iya ajami yana rubuta wasiƙa, yana rubuta bashi, yana aika saƙo gida daga wurin fatauci.

Abin lura shi ne, wannan karatu yana da inda yake kai mai shi. Ana iya zama liman da shi, ko mai raba gado, ko mai rubuta wa mutane wasiƙa, ko dai a sami girma a gari. Boko kuwa, da ya zo da lakwal, wato makarantar Nasara, ƴan kaɗan ya nema: tafinta, akawu, malamin asibiti, mushen makaranta. Iyaye da yawa ɓoye ƴaƴansu suka yi ta yi in an zo ɗaukar yara. Ranar da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba. Sabuwar ƙasa ta tashi da ofisoshi masu aiki da Faransanci, da talakawan da kusan dukansu ba sa iya karanta takardar harajin da ke aljihunsu.

Gwamnatin Diori Hamani ta ga ba za ta jira yaran lakwal su girma ba. Cikin shekara biyu ta kafa abubuwa huɗu da suka shafi babban mutumin karkara kai tsaye. A 1962 aka kafa UNCC, hukumar lamuni da ƙungiyoyin manoma, aka kuma kafa ƙungiyar kulob-kulob na sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. A 1963 aka fara aikin wayar da kan karkara da taimakon cibiyar IRAM ta Faransa, aka kuma buɗe ofishin karatun manya da taimakon UNESCO. Shawara mafi muhimmanci ita ce ta harshe. A lokacin da ƙasashe da yawa na renon Faransa ke koya wa manoma Faransanci da dare, Nijar ta karkata ga harsunan gida, a ƙasar Adar da Gobir kuwa Hausa ke nan. A watan Satumba na 1965 ministocin ilimi na duniya suka taru a Tehran suka ce a riƙa haɗa karatun manya da sana'ar da suke ci da ita. A farkon 1966 masana suka zauna a Bamako suka tsara haruffan harsunan yankin, har da Hausa.

Maƙwabta sun riga su fara. A Arewacin Najeriya ana wannan aiki tun farkon shekarun 1950, hukumar NORLA na buga ƙananan littattafai a Zariya, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma na fitowa tun 1939. Sunan da aka saba da shi can, yaƙi da jahilci, shi ya bi bakin mutane a nan ma. Suna ne mai zafi, kuma bai yi wa mutane adalci ba. Mutumin da ya karance Risala, yake raba gado da ka, ya san kowace irin ƙasa a kwarin Majiya da irin shukar da take so, ta yaya za a kira shi jahili don bai san haruffan boko ba? Ba abin mamaki ba ne in irin wannan dattijo ya ƙi taka ƙofar aji, ya tura ƙanensa.

Ajin kansa ba wani gini ba ne. Rumfar zana ce, ko zauren wani mai gari, da baƙin allo da alli da fitila. Malamin sau da yawa saurayi ne ɗan garin da ya taɓa lakwal ya bari, a ba shi ɗan horo, a miƙa masa littafi. Ana buɗewa bayan kaka, a rufe in ruwa ya faɗi. Cikin waɗanda suka yi aikin a Madawa a shekarun farko akwai wani matashi Ba'amurke, Peter Easton, wanda ya zo a ƙarƙashin ƙungiyar ƴan sa-kai ta Peace Corps a 1964. Daga baya ya zama malamin jami'a a Florida, ya kuma ƙare rayuwarsa ta bincike yana nanata darasin da ƙauyuka irin na Madawa suka koya masa, har cikin littafin da UNESCO ta buga masa a 2014: karatu ba ya zama a wurin da ba a ba mai shi wani abin da zai riƙe ko ya gudanar da shi ba.

Abin riƙewa na farko a wannan yanki shi ne sikeli.

Tun 1956 kamfanin CFDT na Faransa ya shigo da noman kaɗa na sayarwa, kwarin Majiya da kewayensa suka zama cibiyarsa, aka kuma gina injin gurza a Madawa. Ranar kasuwar kaɗa rana ce ta ɗaurin ciki. Manomi ya yi wata shida yana wahala, ya ɗauko kayansa, a ɗora a sikeli, wani ya dubi allura ya faɗi lamba, wani ya rubuta a takarda, na uku ya ƙirga kuɗi ya miƙo. A duk matakan nan uku mai kayan kallo kawai yake yi. Ko an cuce shi ko ba a cuce shi ba, ba shi da hanyar sani, kuma rashin sanin kansa ciwo ne.

Akwai wani ƙulli kuma da baƙo ba ya saurin ganewa. Bahaushen Nijar ba ya ƙirga kuɗi da lambar da aka buga a jikinsu. Da dala yake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Abin da aka rubuta wa 100, shi dala ashirin yake ce masa. Na 500 dala ɗari ne, na 1000 jika. A ce kilo ɗaya na kaɗa sefa 30 ne, manomi ya kawo kilo 87. Akawu zai rubuta 2610. Manomi kuwa abin da kunnensa ya sani shi ne dala shida kowane kilo, jimilla jika biyu da dala ɗari da ashirin da biyu. Lissafi ɗaya ne, amma baki da takarda ba su faɗi abu ɗaya ba. Shi wannan manomi gwanin lissafin ka ne, yana iya kayar da ɗan lakwal a tsakiyar kasuwa. Abin da ya rasa shi ne gadar da za ta haɗa dalar bakinsa da lambar takarda, da idon karanta allurar sikeli. Malamin da ya gane haka, ya fara darasi daga nan, bai sha wahalar tara ɗalibai ba.

Daga 1966 UNCC ta gwada wani sabon tsari, wanda wani Bafaranshe, Guy Belloncle, na cikin masu tsara shi. An fara a kasuwannin gujiya na Matamai da Magarya a ƙasar Damagaram, sannan ya bazu: ƙauyuka su haɗu su riƙe kasuwarsu da kansu, su zaɓi mai awo daga cikinsu, da mai rubutu, da mai riƙe kuɗi, in an rufe kasuwa kuma a mayar musu da rarar da aka samu. A nan karatun manya ya sami abin da yake nema. Mutum ya san cewa in ya iya lambobi zuwa dubu, ya iya cika layi-layin littafin awo, baɗi shi zai tsaya a bakin sikeli, ƴan uwansa kuma su kwana da kwanciyar hankali. Muƙami ne ƙarami, amma a idon ƙauye ya fi takardar shaida. Ita kuwa Saabon Ra'ayii da ƴan uwanta, irin su Kasaa May Albarkaa ta Maraɗi da Muryar Damagaram, su ne ke hana hannu yin sanyi tsakanin kasuwa da kasuwa: shawarar noma, maganar lafiya, labaran gari, da wasiƙun masu karatu, inda manomi zai ga sunansa da na ƙauyensu a buge.

To me ya hana abin ya game ƙasa?

Na farko cin rani. An san Ba'adare da tafiya bida tun kaka da kakanni, daga Legas zuwa Abijan, daga Kamaru zuwa Libiya. Lokacin da ake buɗe aji, wato bayan an kai amfanin gona gida, shi ne daidai lokacin da samari da magidanta ke ɗaure kaya. Aji ya fara a cike, kafin tsakiyar rani ya koma rabi. Wanda ya dawo da faɗuwar ruwa gona ce ke jiransa. Karatun zaure ya san yadda zai yi da matafiyi, don kowa da darasinsa. Ajin hukuma kuwa tafiya ɗaya yake yi da kowa, wanda ya fita ya fita.

Na biyu ya fi ciwo. Mutum ya yi ƙoƙari ya iya karanta Hausa sarai, ya shiga bariki, sai ya tarar duk takardun da suka shafi rayuwarsa da Faransanci suke: ta haraji, ta haihuwa, ta asibiti, ta shari'a. Shaidar da aka ba shi a ajin manya ba ta buɗe masa ƙofar wata makaranta ta gaba, ba ta sa a ɗauke shi ko masinja. Muƙaman ƙungiyar manoma kuma ƴan kaɗan ne, ƙauye ba ya buƙatar masu awo talatin. Sauran suka koma gida da karatun da ba su da inda za su kai shi, kuma abin da ba a amfani da shi tsatsa yake yi.

Sai fari ya zo ya ƙarasa. Yunwar 1973 zuwa 1974 ta watsa garuruwa, ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kawar da Diori. Sabuwar gwamnati ba ta yi watsi da aikin ba. A 1977 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan karatun manya a Yamai, CFCA, wadda yau ake kira IFAENF, aka gwada ƙananan ɗakunan karatu na ƙauye da ɗan abin buga takarda na katako da mutanen gari ke iya sarrafawa da kansu. A farkon shekarun 1980 aka daidaita rubutun Hausar Nijar da na Najeriya, aka bar ninka wasali, har hukuma ta tabbatar da ƙa'idar da ake bi yanzu a 1999. Amma noman kaɗa ya ja baya, a 1984 aka rushe UNCC, sikelin da ya jawo mutane aji ya rage armashi.

A daidai wannan tsakani wata irin makaranta ta buɗe a Buza da Keita, ko da yake ba wanda ya kira ta da wannan suna. Iska ta addabi kwarin Majiya, tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Jami'in kula da daji na Buza, Daouda Adamou, ya nemi taimakon ƙungiyar CARE, a 1975 aka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin jeri da jeri mita 100, har aka yi ɗaruruwan kilomita. Manoma suka koyi renon iri a gandun shuka, da dashe, da tsaron ƙananan itatuwa daga dabbobi. Da itatuwan suka isa sara a shekarun 1980 sai sabuwar tambaya ta taso: na wa ne itacen, wa zai sayar, wa zai rubuta abin da aka samu, yaya za a raba? Tambayar sikeli ce ta dawo a wata riga.

A Keita abin ya fi girma. A 1984, shekarar yunwar da mutane suka laƙaba wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, aka ƙaddamar da babban aikin raya karkara na Adar, Dutsi da Majiya, wanda kowa ya fi sani da aikin Keita, da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci ta PAM kuma na biyan ma'aikata da abinci. Cikin kimanin shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da fako fiye da hekta dubu 30, an yi madatsun ruwa da hanyoyi da rijiyoyi, daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun aikin a ka mata ne, don maza suna wurin bida. Mata ne suka haƙa ramukan tare ruwa a gangaren tsauni, su suka jera duwatsu, su suka dasa. A gefensu aka sami masu saƙa ragar waya da ake cika da dutse a tare ƙorama, da magina, da direbobi, da makanikai. A kowane wurin aiki kuma akwai mai kiran suna da littafinsa, wanda alƙalaminsa ke nuna kwana nawa mace ta yi da mudu nawa za ta karɓa. Macen da ta tsaya a layi tana kallon wannan littafi ta san amfanin karatu ba tare da an yi mata wa'azi ba.

Dubban manya sun koyi sana'a a waɗannan wurare, sana'ar da har yau ake nema a duk inda ake yaƙi da hamada. Abin takaici, galibinsu sun tashi ba tare da wata takarda da ke shaida abin da hannunsu ya iya ba.

Matan ne dai suka ɗauki zango na gaba. A 1991 CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ya bazu zuwa jihar Tawa, daga nan ya zama abin koyi a ƙasashe da dama na duniya. Tushensa adashe ne da aka yi wa gyara: mata su riƙa zubi kowane mako a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata daban-daban, su ranta wa junansu, a ƙarshen zango a fasa asusu a raba. Da farko da ka suke riƙe lissafin, kowace ta haddace nata da na ƴar uwarta, a maimaita a gaban kowa. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki. Amma in asusu ya yi nauyi, ƙungiyoyi suka haɗu suka buɗe rumbun tsimi, ko suka nemi lamuni a waje, ka kaɗai ba ta isa ba. Nan mata da kansu ke neman a buɗe musu aji, kuma su ba sa tafiya cin rani kamar maza.

Ta fuskar hukuma, dokar ilimi ta 1998 ta amince da karatun da ba na lakwal ba a matsayin ɓangare na tsarin ilimin ƙasa. Daga shekarun 2000 kuma gwamnati ta koma ba ƙungiyoyi masu zaman kansu kwangilar buɗe azuzuwa. Hakan ya ƙara yawan azuzuwan, sai dai ya ɗaure ransu da na kuɗin masu ba da tallafi: ranar da aikin ya ƙare, ranar ake naɗe tabarma. Har yanzu manyan Nijar da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, mata kuma sun fi zama a baya.

Sai ga salula. A 2009 da 2010 ƙungiyar CRS, tare da mai bincike Jenny Aker ta jami'ar Tufts, ta yi wani gwaji a ƙauyuka fiye da ɗari na jihohin Doso da Damagaram. Duka an yi musu ajin manya iri ɗaya, amma a rabinsu an ƙara koya wa ɗalibai danna lambobi da rubuta saƙo a waya. Waɗanda suka taɓa waya sun fi cin gwajin rubutu da lissafi, kuma bambancin bai gushe ba watanni bayan an rufe aji. Dalilin a fili yake: rubutaccen saƙo ya fi kira araha, kuma kowa na da ɗa ko miji a wurin bida. A ƙasa mai yawan matafiya kamar Adar, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Gaskiya ne saƙon murya na WhatsApp ya zo ya rage wa mutane buƙatar rubutu. Amma murya ba ta karanta wa mace lambar da ke jikin takardar kamfanin aika kuɗi irin su Nita ko Al Izza in an turo mata kuɗi daga Abijan, ba ta kuma gaya mata ko 25000 da aka rubuta ya yi daidai da jika ashirin da biyar da mijinta ya faɗa.

Yau sikelin wannan yanki ya koma hannun albasa. Daga kwarin Tarka, ta kasuwannin Sabon Gida da Tumfafi da Arewa, manyan motoci ke lodi zuwa Akara da Kumasi da Abijan. Manomin albasa na fama da lissafin da ya fi na kaɗa wuya. Da buhu ake ciniki, buhun kuma girmansa ba ɗaya ba. Ga kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa da ƴan ƙwadago, sau da yawa da bashi. Lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, farashi na faɗuwa ƙasa warwas, bayan ƴan watanni ya ninka. Ya sayar yanzu ya biya bashi, ko ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira, alhali ya san wani kaso zai ruɓe? Wanda ya iya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu shekara uku a jere yana yanke wannan shawara da ido buɗe. Ajin da zai fara daga wannan tambaya ba zai rasa ɗalibai a Madawa ba.

Ga babban da ke son ya sake sana'a gaba ɗaya kuwa, ƙofofin da ke akwai ƙanana ne. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM da aka baza a ƙananan hukumomi, inda ake koyar da ɗinki, walda, kafinta, lantarki da gyaran babur, akwai kuma asusun FAFPA mai ɗaukar nauyin gajeren horo. Amma an fi tsara su don matasan da suka bar lakwal. Magidanci ɗan shekara talatin da biyar da ya dawo daga Libiya da hannun gini ko na fenti, ga mata ga ƴaƴa, ba zai iya zama aji da rana shekara biyu ba. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne a gwada abin da ya riga ya iya a ba shi shaida, a cike masa giɓin karatu da lissafi da dare, a kuma bar shi ya tafi ya dawo ya ɗora kamar yadda zaure ke yi. A garin Tawa akwai jami'a mai ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar, amma babu tsanin da ya tashi daga rumfar karatun manya ya kai ko kusa da ƙofarta.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ga mutanen Madawa, Buza da Keita, ma'aunin wannan magana shi ne takardun da ke shiga hannunsu: ta haihuwa a ofishin magajin gari, ta sayen gona, ta awon ciki a asibiti. Ba sai an jira Yamai ta fassara manyan dokoki ba. Ƙaramar hukumar Sabon Gida na iya farawa da takardar da ake ba manomi a kasuwar albasa, a buga ta da Hausa, da gurbin sunansa da yawan buhunansa, kuɗin kuma a rubuta shi sau biyu, da lambar sefa a layi ɗaya, da jika da dala a layin da ke ƙarƙashinsa.